Zanzibar: Tsibiran da Wata ke Juya Tekunsu

Mu mutanen Suleja da dutse muka saba. Wanda ya tashi a Magajiya, in ya ɗaga kai tsauni zai gani, in ya gangara Madalla ga Zuma nan zaune inda kakanninsa suka bar shi. Ruwan da muka sani shi ne Iku da ke ratsa gari, sai Gurara da ake kai baƙi lokacin sallah, kuma dukkansu kana wannan gaɓa kana hangen waccan. Shi ya sa da ƙanena, wanda ke aiki a Abuja, ya ce ya haɗa mana 'yar gajeriyar tafiya zuwa wasu tsibirai a Tekun Indiya, na ce masa, "Kai, me na ajiye a tsakiyar ruwa?" Ya yi dariya ya ce, "Yaya, kai dai nemo fasfonka da katin rigakafin shawara, sauran ka bar mini."

Daga Abuja jirgi ya kai mu Addis Ababa, muka sauya wani ya gangara da mu kudu. Da ya fara sassautowa na leƙa ta taga, sai na rasa sunan da zan ba launin ruwan. Can nesa baƙi-baƙi ne kamar rinin Ƙofar Mata, kusa da ƙasa ya koma shuɗi, dab da gaɓa kuma kore-kore mai haske, har kana ganin inuwar kwale-kwale kwance a kan rairayin da ke ƙarƙashinsa. Muka sauka a filin jirgin Abeid Amani Karume, muka ƙara wa agogo awa biyu. Direban da ya ɗauke mu yana zaune a dama, yana tuƙi a hannun hagu, yadda ake yi a Nijeriya kafin 1972. Duk motar da ta tunkaro mu sai na dafe kujera ina salati, shi kuwa hirarsa yake yi.

A hanya ya warware mini abin da ya ɗaure mini kai. Zanzibar tarin tsibirai ce. Babban shi ne Unguja, inda muka sauka, mai tsawon kimanin kilomita 85. Daga arewa akwai Pemba, sannan ƙanana birjik, wasu da mutane wasu sai tsuntsaye. Ƙidayar 2022 ta nuna mutanensu sun kusa miliyan 1.9, kusan dukkansu Musulmi. Ranar 26 ga Afrilu, 1964 suka haɗe da Tanganyika aka sami Tanzaniya, amma har yau suna da shugabansu da majalisarsu. Na yi ta waige ina neman dutse, ban ga ko ɗaya ba. Wuri mafi tudu a Unguja bai kai mita 150 ba.

Masaukinmu na cikin tsohon gari, wanda suke kira Mji Mkongwe, Turawa kuma Stone Town. Mota ba ta shiga. Lungunan sun fi na tsakiyar birnin Zariya matsi, kuma gidajen hawa biyu da uku ne, saboda haka rana ba ta cika taɓa ƙasa ba. Baƙo makaho ne ko da yana da ido. Mun fita neman bakin teku, muka yi ta kwana, muka tsinci kanmu a ƙofar da muka fito. Wani dattijo mai farar jallabiya da hula mai ƙananan huji yana zaune yana kallon dawowarmu, bai ce komai ba sai da muka yi masa sallama. Ya amsa da fara'a, ya taso da kansa ya raka mu har inda iskar teku ta fara bugun fuskarmu. Yaran da muka gamu da su a hanya kowanne sai ya ce masa "shikamoo", ya amsa da "marahaba". Ladabin nan ya tuna mini da yadda ake durƙusa wa manya a unguwarmu.

Abin da dattijon ke zaune a kai shi ya fara sa na ji kamar ina gida. Dakali ne sak, a jikin bangon kowane gida, suna ce masa baraza. A nan ake shan gahawa a 'yan mitsi-mitsin kofuna, a nan ake dara da cacar baki kan ƙwallo da siyasa. Ƙofofin kuwa, Allah ya yi wa masassaƙan garin nan baiwa. Katako ne mai kauri, an sassaƙe shi da furanni da sarƙa da ayoyin Alƙur'ani a samansa, an jera masa ƙusoshin tagulla masu tsini. Ɗaruruwa ne irinsu, kuma da wuya ka ga biyu iri ɗaya. Bangon da dutsen murjani da farar ƙasa aka gina shi. Na lura ɗakunan dogaye ne amma tsukakku, na tambayi dalili, aka nuna mini rufin: sandunan wani icen bakin teku ne aka jera, kuma tsawon sanda shi ne iyakar faɗin ɗaki. Nan take na tuna da azara. Maginanmu sun ci karo da wannan matsala suka yi mata dabarar baka da ɗaurin guga, su kuma nan suka haƙura da faɗi suka nufi sama. Hukumar UNESCO ta sa garin cikin wuraren tarihi na duniya a shekarar 2000.

Tarihinsu ma bai yi mini baƙunta ba. Mu jikokin Zazzagawan da suka baro Zariya ne tare da Sarki Muhammadu Makau, har Abu Ja ya kafa garinmu a 1828. Su ma sarautarsu tasowa ta yi daga wani wuri. Sayyid Sa'id, Sarkin Oman, ya ɗauke fadarsa daga Maskat ya dawo da ita Zanzibar wajen 1840, ya tsallako teku saboda ciniki. Ɗansa Barghash shi ya gina Beit al-Ajaib a 1883, gidan da ya fara samun wutar lantarki a tsibirin, har da na'urar hawa bene. Wani ɓangarensa ya rufta a Disambar 2020, don haka daga waje muka tsaya muka kalli dogayen ginshiƙansa. A wannan bakin ruwa ne jiragen yaƙin Ingila suka buɗe wa fadar Sarki Khalid bin Barghash wuta da safiyar 27 ga Agusta, 1896, kuma ba a yi minti 45 ba aka gama yaƙin. Ƙanena ya ce, "Yaya, ai ko daga Suleja zuwa Wuse ba ka isa ba a wannan lokacin."

Dariyarmu ta tsaya a Mkunazini. A nan kasuwar bayi take har zuwa 1873, lokacin da Barghash ya rufe ta bisa matsin Ingila, aka gina majami'ar Angilikan a filin. A harabar an haƙa rami an tsayar da mutum-mutumi na maza da mata, sarƙa a wuyansu. Daga cikin nahiya ake koro mutane, tun daga yankin manyan tafkuna, wasu a sayar da su ƙetare wasu a tura su gonakin kanumfari. Ƙofofin da na gama yabo, wasunsu da wannan kuɗi aka sassaƙa su. Na yaba wa mutanen garin da ba su binne labarin ba, domin mu ma ƙasarmu ta yi cinikin bayi, amma ban san wani wuri a garuruwanmu da aka keɓe don a kai yara a nuna musu ba.

Masallatan tsohon garin sun doshi 50, yawancinsu babu doguwar hasumiya, sai ka zo wucewa ka ga takalma a ƙofa. Da asuba na shiga na kusa da mu. Liman ya bayyana bisimilla, a raka'a ta biyu kuma bayan ruku'u ya ɗaga hannu ya yi alƙunutu a bayyane, sahu na amsawa da amin. Na ɗan diririce, don mun saba da a yi shi a asirce kafin ruku'u. Bayan sallama wani malami ya gaya mini da Larabci mai sauƙi cewa mazhabar Shafi'i ce ta fi yawa a nan, akwai kuma Ibadawa, gadon Oman. Da ya ji daga Nijeriya nake, ya riƙe hannuna ya ƙi saki sai da na sha gahawa.

Da magariba kowa Forodhani yake nufa. Fili ne a bakin ruwa gaban tsohuwar ganuwar Larabawa. Samari na sheƙowa da gudu su yi alkafura su faɗa teku, jama'a na shewa. Masu abinci sun jera tebura da fitilu: kifi iri-iri, ƙaguwa mai girman faranti, jatan lande, da wata halitta mai hannuwa takwas da suke kira pweza, wadda na daɗe ina kallo kafin na yi bisimilla. Tana da ɗan tauri kamar ganda, amma da daɗi. Tsirensu, mishkaki, yana da laushi, sai dai babu ƙuli-ƙuli, kuma a nan kam na ce mai tsiren bakin kasuwar Suleja ya fi su. Ruwan rake kuwa sun ci mu. A gabanka ake matse shi da citta da lemon tsami, har na tambayi kaina me ya hana mu yin haka, ga rake har ya yi mana yawa.

Ranar da za mu fara zagayen tsibirai, mai jirgin ruwan da zai kai mu ya ce mu same shi ƙarfe biyu. Na ce biyun rana ai ta yi zafi. Ya girgiza kai ya nuna gabas. Ashe su daga fitowar rana suke fara ƙirga awa, bakwai na safe ita ce ɗayansu, biyunsu kuma takwas ɗinmu. Ya ƙara da cewa kada mu makara, ruwa ba ya jiran kowa. A lokacin na ɗauka irin maganar direbobin tasha ce.

Kafin ya tada inji sai da ya ga kowa ya sa rigar ceto. Wanda ya fito daga Jihar Neja, inda muka sha kukan kifewar kwale-kwale, ba zai raina wannan ba. Cikin kamar rabin awa muka isa Changuu, ɗan tsibirin da bai kai kilomita ɗaya ba a tsawo. A 1893 aka gina kurkuku a kansa, amma ba a taɓa kulle fursuna a ciki ba, sai aka mayar da shi wurin killace matafiya saboda zazzaɓin shawara. Yanzu masu gidan kunkuraye ne. Gwamnan Ingila na tsibiran Seshels ne ya aiko da guda huɗu kyauta a 1919, suka hayayyafa. Kunkurun da na sani shi ne wanda yaro zai ɗauka da hannu ɗaya. Waɗannan manyansu kan haura kilo 200, kuma da yawa sun wuce shekara 100 a duniya. Na miƙa wa ɗaya ganye, ya zuro dogon wuya a hankali, ya dube ni irin kallon da tsoho ke yi wa yaron da ya cika gaggawa, sannan ya karɓa.

Daga nan muka nufi inda ban ga komai ba sai ruwa. Can sai ga wani farin layi a tsakiyar teku. Nakupenda ke nan, tudun rairayi zalla, babu itace babu ciyawa. Muka sauka, yaran jirgi suka kafa rumfa, suka hura gawayi suka gasa kifi, aka yanka abarba da mangwaro. Rairayin fari fat, ga laushi, kuma bai ƙona ƙafa kamar namu na rani ba. Ni da ban iya iyo ba aka ɗaura mini tabarau na ruwa, na riƙe igiyar jirgi gam, na tsoma fuska. Subhanallahi! Ashe akwai wani gari a ƙasa. Murjani na nan da ransa, wani kamar ƙahon barewa wani kamar kabeji, ga kifaye masu ratsin rawaya da shuɗi suna kai da kawo ba su damu da ni ba. Na ɗago ina haki ina kiran ƙanena ya zo ya gani, shi kuwa ya riga ni nutsewa.

Muna cikin cin kifi mai jirgin ya fara naɗe rumfa. Na ce, "Malam, ai ba mu gama ba." Ya nuna mini inda na ajiye takalmina, ruwa har ya fara lasarsu. Tsibirin yana ƙanƙancewa muna kallo. Muka hau jirgi, muka ɗan ja baya muka tsaya, har inda muka shimfiɗa tabarma ya koma teku. Gani ya kori ji. Mutumin da ya girma a gindin Zuma bai taɓa kawowa a ransa cewa ƙasa na iya zuwa ta tafi ba.

A hanyar komawa mai jirgin ya yi mini karatu, yana haɗa Turanci da hannu. Wata ne ke jan ruwan teku. Sau biyu a yini da dare ruwa ke cika ya janye, kimanin awa shida yana zuwa, awa shida yana komawa, kuma kullum yana makara da kusan minti 50 a kan jiya. Idan wata ya tsaya, da kuma daren sha huɗu, rana da wata kan hau layi ɗaya su haɗa ƙarfi, sai cikar ta yi yawa janyewar ma ta yi nisa, har tsakaninsu ya kusa mita 4. Wannan lokaci suke kira bamvua. Na tambaye shi kwanan wata, bai duba waya ba ya faɗa mini, kuma daidai ne. Mu sai azumi ko sallah ta gabato muke cigiyar wata. Shi kuwa da wata yake sanin lokacin fita da lokacin komowa, har da ranar da zai sami kuɗin cefane.

Sai da muka tsallaka gabashin Unguja, wajen Paje da Jambiani, na ga iyakar maganarsa. Mun kwana ruwa na dukan katangar masauki. Da hantsi na fito, babu teku. Ya ja baya fiye da kilomita guda, sai farin kumfa can nesa inda igiyar ruwa ke fashewa a kan murjani. Kwale-kwale na kwance a rairayi, an bar su. A filin da ruwa ya bari mata ne ke tafe cikin zannuwa masu launi, wasu zaune cikin ruwa iya ƙugu a tsakanin turaku. Gona ce. Wata ciyawar teku suke nomawa, mwani, suna ɗaure 'ya'yanta a igiya tsakanin turke da turke, bayan kamar mako shida su girbe su shanya. A 1989 aka fara wannan noma a nan da irin da aka kawo daga Filifin, kuma yawancin masu yinsa mata ne. Ana fitar da ita waje a tace wani sinadari mai kauri da ake sa wa a man goge baki da askirim. Wata dattijuwa ta nuna mini damin da ya yi fari ya ruɓe, ta ce ruwan yana ƙara ɗumi, iri mai tsadar ba ya jurewa. Na ce, "Sannu da aiki, Inna," da Hausa, ta amsa da nata harshen, muka fahimci juna. Ban daɗe ba ta ɗaga kai ta dubi teku, ta fara tattara buhunanta. Na bi bayanta ba tare da an ce mini ba.

Tsakanin gabas da gari mun tsaya dajin Jozani, inda wasu birai masu jan gadon baya da farin gashi a ka suke, waɗanda asalinsu na wannan tsibiri ne kaɗai. An ce mini suna cin gawayi don ya kashe musu dafin ganyen da suke ci, na ƙi yarda sai da na ga ɗaya riƙe da guntu yana gurgura. A wata gonar kayan ƙamshi kuma na ga uwar kanumfarin da muke zubawa a kunu da zoɓo: doguwar bishiya ce, kanumfarin kuwa tohon furenta ne da ake tsinkewa kafin ya buɗe a shanya a tabarma. Kirfa ɓawon itace ce, masoro kuma yaɗo yake yi a jikin wata bishiya. Wata guguwa da aka yi a 1872 ta karya yawancin itatuwan kanumfarin Unguja, shi ya sa har yau Pemba ce ke riƙe da kambun nomansa. Can kudu a Kizimkazi muka yi azahar a wani ɗan masallaci mai rufin kwano, wanda ba za ka kalle shi sau biyu ba. A jikin bangon alƙiblarsa akwai rubutun Kufi mai ɗauke da shekara ta 500 bayan Hijira, wato 1107. An sake gina masallacin daga baya, amma rubutun ya girmi garinmu da shekara fiye da 700.

Zangonmu na ƙarshe Nungwi ne, a ƙuryar arewa. A nan gaɓar tana da zurfi, ruwa ba ya guduwa da nisa, don haka otal-otal da Turawa sun fi yawa. Ni wurin masassaƙan jirgi na tare. A ƙarƙashin inuwa suke haɗa jirgi guda da gizago da zarto da igiyar awo, babu zane a takarda, sai abin da uba ya koya wa ɗa. Tsakanin katako da katako suna cusa auduga da aka jiƙa da mai. Da la'asar muka shiga ɗaya. Aka ja wani ƙaton ƙyalle mai kusurwa uku sama, iska ta cika shi, jirgi ya kwanta gefe guda ya fara tsaga ruwa, babu inji babu hayaƙi. Matuƙin ya ce iska biyu gare su. Kaskazi na busowa daga arewa maso gabas tun wajen Disamba zuwa Maris, ita ke kawo jiragen Oman da Indiya a zamanin da. Kusi kuma na tasowa daga kudu bayan Afrilu ta mayar da su gida. Wanda ya zo da wannan dole ya zauna watanni yana jiran waccan, kuma a zaman jiran ne aka yi aure, aka gina masallatai, aka haɗa jinin da ka gani a fuskokin garin. Haka fatakenmu na Gwanja suke jiran rani kafin ayari ya tashi, haka kuma zangonsu ya zama unguwannin Hausawa a ƙasashen mutane.

Pemba tana can arewa, ba mu kai gare ta ba, kuma ita ce dalilin da zai sa in koma in Allah ya yarda. Wanda ke da niyyar zuwa, ga shawarata. Ya kauce wa watannin Maris zuwa Mayu, lokacin ruwan sama mai yawa, ya nufi tsakanin Yuni da Oktoba. Ya nemi bizarsa tun daga gida, ya tafi da suturar mutunci, domin garin Musulmi ne kuma suna son a girmama musu shi. Sannan kafin ya biya kuɗin jirgi, ya duba kalandar Musulunci da ke rataye a zaurensa, ya daidaita tafiyarsa da tsayuwar wata ko tsakiyarsa. A waɗannan kwanaki ne teku ke ja da baya sosai, matan Jambiani su fito gona, Nakupenda ta buɗe iya faɗinta.